Abin da Ƙashin Mutanen Dā Ke Faɗa Kan Jinya

A tattaunawarmu a Katsina kan kaburburan da, irin na Durɓi Takusheyi, an fi daɗewa kan karaya. Ƙashin da ya haɗe yakan yi tudu mai santsi a wurin ɗori. Idan na cinya ne, to lallai wani ya yi makonni yana ciyar da mai shi. Ƙashin da fartanya ta sara bayan an daɗe da binne shi kuwa, bakinsa da kaifi, cikinsa fari, kuma nan ake yawan ruɗewa. An kawo misalin wani saurayi da aka tono ƙashinsa a tsohuwar maƙabartar Man Bac a Biyetnam, wanda ya yi kusan shekara 10 a shanye ana jinyarsa, har ƙasusuwan ƙafarsa suka sirance.

Wanda ya ci karo da ƙashi, don Allah kada ya wanke ko ya ɗaga, ya ɗauki hoto ya sanar da gidan tarihi. Masu tono su naɗe a takarda, leda na tara danshi.