Yaya ƙauyawan Tihama suke noma da zama kafin a yi dam?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya bi hanyar bakin teku zuwa Jazan, a kudu maso yammacin Saudiyya, ya ga yadda ƙasar Tihama, wato filin gaɓar Bahar Maliya, take: rairayi, fako mai gishiri, ga zafi mai sa riga ta manne a jiki. Ruwan sama kuma ba wani na kirki ba. To amma ana cewa yankin ya yi suna da dawa tun zamanin kakanni. Da wane ruwa suke nomanta? Kuma wane irin ɗaki ne ke jure wannan zafin ba fanka ba lantarki?

Tsohon Manomi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ruwan da suke noma da shi ba a kansu yake sauka ba, a kan duwatsun gabas yake sauka, sannan ya gangaro ta kwari kamar Wadi Jazan da Wadi Baish. Ana iya kwana sama garau, a wayi gari kwarin ya cika ya batse da jan ruwa mai laka.

Tun kafin lokacin ambaliya ake haɗuwa a tare kwarin da datsiyar ƙasa, su suna ce mata aƙm. A wancan zamani shanu ne ke jan faffaɗan katako suna tara ƙasar. Datsiyar ta juya ruwa zuwa gonaki, kowace gona kuma an kewaye ta da shingen ƙasa, ta zama kamar kwano. Na sama ke fara sha. In gonarsa ta cika ruwa ya kai wajen gwiwa, sai a fasa shinge ya wuce ta gaba. In na wannan datsiyar sun ƙoshi, ita ma a fasa ta da gangan don na ƙasa su samu, kuma a nan yawancin rigimar ƙauyuka take tashi.

Sai a jira ruwan ya nutse. Wannan jiran shi ne gwanintar. Ka shiga da wuri, garma ta kwaɓa taɓo, ya bushe ya yi ɓawo, tsiro ya kasa ɓullowa. Ka yi jinkiri, lema ta gudu ƙasa. Shuka kuwa a bayan garma ake yi, ta wani bututu mai baki kamar mazurari, iri ya faɗa can cikin danshi. Sha ɗaya mai kyau na iya kai dawa ga girbi cikin wata 3 zuwa 4. Bayan an yanke ba a tumɓuke gindin, sai ya sake tofowa. Gyauro ke nan a wurinmu, su khalf suke cewa. Zangarniyarsa ba ta kai ta farko ba, amma karan abincin dabbobi ne.

Abin da ke ɓata aiki: ramin ɓera ɗaya a jikin shinge ya isa ya zubar da ruwan gona a dare guda. Ambaliya mai ƙarfi takan share datsiyar kafin kowa ya sha. Sannan lakar da ke ba gona ƙarfi ita ce ke ɗaga ta shekara bayan shekara, har ta fi bakin ruwa tudu, dole a ƙara wa datsiya tsawo ko a matsar da ita sama. Dam ɗin Wadi Jazan da aka buɗe a 1971, zamanin Sarki Faisal, shi ya fara sauya wannan tsarin.

Mai Gini:
Baba ya gama da noma. Zan ƙara cewa inda ambaliya ba ta kaiwa, a jigawa, gero suke jefawa in an yi ruwa.

Ɗakin sunansa ushsha. Kada ka ɗauka bukka ce irin ta makiyaya. Zagayayye ne, dogo, bango da rufi a haɗe suke har ƙololuwa. Ana kafa itace a zagaye, a tanƙwaro su a yi tanka, a lulluɓe da ciyawa, sannan a ɗaure da igiya daga sama har ƙasa, layi kusa da layi, saboda iskar ƙura ta lokacin zafi. Tsawon shi ne sirrin, zafi na hayewa sama ya bar mutane a ƙasa. Ƙofa biyu ake yi don iska ta ratsa. In igiya ta ruɓe ba a sabunta ba, iska ɗaya za ta yaye jinkar. Babbar abokiyar gabarsa gobara, shi ya sa girki a waje yake.

Hajiya Uwargida:
Malam, ka tsallake cikin ɗakin, kuma nan aikin mata yake. Su ke yaɓe da laka haɗe da kashin shanu, bi da bi, sai wani ya bushe a ɗora wani, in ba haka ba ya tsage ya zubo. Sannan a shafe da farar ƙasa, a yi zane, a jera farantai da kwanoni a bango kamar jeren amaryar Kano. Gadon igiya ne mai dogayen ƙafafu, iska na bi ta ƙasa, kunama kuma ba ta samun mutum da sauƙi.

Abincin yau da kullum khamir ne. A jiƙa dawa, a niƙa a dutse, a bar ƙullin ya kwana ya yi tsami, a manna a jikin tanderun ƙasa da suke kira mifa. Ƙullin ya yi ruwa, ya sulale cikin garwashi. Tanderu bai yi zafi ba, ya ƙi kamawa. Mahaɗinsa man riɗi, wanda raƙumi ke matsewa yana zagaya turmi an rufe masa ido, da kifi. Ƙauyen da ke nesa da gaɓa kuwa, kifi mai gishiri yake samu: a tsaga shi ta baya, a cire hanji, a cusa gishiri har cikin tsagar naman. Inda gishiri bai shiga ba, musamman jikin ƙaya, daga nan yake fara wari.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, su manoman a ina suke samun kifin?

Hajiya Uwargida:
Kasuwar mako. Talata a garin Sabya, Laraba a Abu Arish, Litinin a Samta. A da, masunci kan kawo kifi a kan jaki, ya koma da dawa da man riɗi.