Neman shawara: wane fedan draib zan saya wa bes tunda an mayar da mu abin kunne?

Mai Bes: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani ku taimaka, kaina ya kulle. Ni ke kaɗa bes a wata ƙungiya da ke zuwa dinar biki nan cikin Kano, galibi wajen Nasarawa da Zoo Road. Tun da na fara, amf ɗina, wato na'urar ƙara sautin bes, na bayana, sifika inci 15, tsohuwa ce amma har a ƙirji nake jin ta. Kwanakin baya uwar wata amarya ta aiko wa shugabanmu cewa manyan baƙin teburin gaba ba sa jin maganar juna. Shi kuma dama hanya yake nema, don motar da muke haya ba ta ɗauke kayan duka, kullum sai an ƙara da adaidaita sahu, kuɗin kuma daga kasonmu ake cira, ana ta ƙorafi a bayan idonsa. Sai ya ce daga yau babu amf a dandamali, kowa ya sa abin kunne, wato iyafis ɗin da mai kiɗa ke jin sauti ta cikinsa. Ban ja ba, shi ya kawo ni ƙungiyar, kuma abokin yayana ne.

To ina da fedan draib, ɗan akwatin da ke sa sautin bes ya yi gurnani, da nake takawa in rawa ta yi zafi lokacin liƙi. Da amf gurnani yake bayarwa mai daɗi. Yanzu in na taka sai ƙasan ya ɓace gaba ɗaya, a bar ni da wani tsuuu a kunne kamar an jefa kifi a tafasasshen mai. Asabar ta sama muna da babban biki. Na ga fedan kamfanin Darkglass a YouTube, raina ya kwanta da shi. Shi zan saya ko akwai wanda ya fi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. SansAmp Bass Driver DI, ka rufe maganar. Tun 1994 Tech 21 ke yin sa, kuma daidai wannan matsalar taka aka yi shi dominta. Bari ka ji abin da ya faru. Draib yana haifar da sautuka masu tsini can sama, har su wuce 5kHz. Sifika inci 15 ba ta iya fitar da su, ita ce take tace maka su duk tsawon lokacin nan ba ka sani ba. Yanzu an ɗauke matatar, an zuba maka komai kai tsaye cikin kunne. SansAmp yana kwaikwayon amf da sifika tare, yana da maɓallin Blend da zai haɗa maka da tsabtataccen sautin bes ɗinka don kada ƙasa ya gudu, yana da kafar XLR, irin ta makirufo, zuwa miksa, na'urar haɗa sautin kowa, har miksar ma tana iya ba shi wutar fantom ta 48V ta cikin wayar. Babu ruwanka da adafta, babu ruwanka da neman soket a bayan dandamali. In aljihu bai kai ba ka nemi Behringer BDI21, tsarinsu ɗaya ne kusan.

Ɗan Fiyano: Tukuna. Fedan da kake da shi ɗin na bes ne ko na jita? Kuma daga shi ina wayar take zuwa?

Mai Bes: Na jita ne, yayana ya bar min da zai tafi. Amma ai feda feda ne, da amf bai taɓa ba ni matsala ba.

Ɗan Fiyano: Ka ga inda gizo ke saƙar. Yawancin fedojin jita da gangan suke rage ƙasa kafin su murƙushe sautin. Tube Screamer ma, sanannen fedan jita, daga wajen 720Hz yake fara ragewa, kai kuwa igiyarka ta E tana 41Hz. Da amf kana murɗa maɓallin bes kana cike gurbin, shi ya sa ba ka lura ba.

Mai Bes: Ni dai na san abin da kunnena ya ji. Mutane har zuwa suke suna tambaya ta yadda nake samun sautin.

Mai Ganga: Ku bar batun feda, wannan abin kunnen ne masifar. Mu ma haka aka yi mana. Mai miksarmu sai ya cika min kunne da muryar mawaƙi, in ce ya ƙara bes ya ɗaga min hannu alamar to, ya ci gaba da danna wayarsa. Ranar nan aka ɗauke wuta ana tsaka da shigowar amarya, kafin a tayar da janareto kowa ya zama kurma, da wutar ta dawo kuma wani "ɗum" ya buga min a kunne sai da na ga taurari. Kuma a ƙarshen dare shi ya fi ni kaso. Ni yanzu kunne ɗaya nake sawa.

Anti Mai Amshi: Haba Mai Ganga, kar ka koya wa yaro wannan. In ka cire ɗaya sai ka ƙure ƙarar ɗayan don ka ji, kunnen ne zai biya. Kai kuma ƙanina, kafin ka kashe ko sisi, wane irin abin kunne kake sawa?

Mai Bes: Anti, iyafis ɗin wayata ne, a Farm Centre na saya. Yana da bes sosai in ina jin waƙa.

Anti Mai Amshi: A ɗakinka ba. A wurin biki ga ganga ga kalangu ga zufa tana zame robar, in bai toshe kunnen ruf ba ƙasa ne farkon abin da ke fita. Ko abin kunnen Shure SE215 ka sa, in robar ba girman kunnenka ba ce haka za ka ji shi fayau. Ka samo na dandamali, ko na kamfanin KZ ne, ka gwada robobin da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya, ko ka sa na soso. Sannan ka je wurin mai miksarku da wuri, da lemo mai sanyi a hannu, ka ce ya yanke maka sama daga 4kHz zuwa 5kHz a layinka. In miksar X32 ce aikin minti ɗaya ne, kyauta.

Injiniya: Anti, da girmamawa, faci ne wannan. Yau wannan mai miksar, gobe wani hol ɗin da nasu mutumin da bai san ka ba. Mai bes ya riƙe sautinsa a ƙarƙashin ƙafarsa. SansAmp.

Ɗan Brigade: Ni Zoom B1 Four nake amfani da shi a coci. Akwai draib, akwai kwaikwayon sifika kala-kala, batir AA 4 yake ci, ko janareto ya yi tari ba ya shafarsa. Kuɗinsa kuma bai kama ƙafar waɗancan ba.

Injiniya: Ba raina shi na yi ba, amma ana tsaka da liƙi wa zai durƙusa yana lalube a ƙaramin allo? Na gaya muku abin da za a saya.

Mai Bes: Na gode duka. Amma gaskiya mai miksarmu ba mutumin da ake roƙo ba ne, ƙanin shugaba ne. Iyafis ɗin kuma ban ga laifinsa ba, fiyano da murya ras nake jin su. Akwai wani a Legas da zai sayar min da Darkglass B3K na hannu, ya ce zai sa a motar dare.

Ɗan Fiyano: B3K yana da Blend, ƙasanka zai dawo, wannan gaskiya ne. Amma ba shi da XLR, ba shi da kwaikwayon sifika. B7K Ultra ɗinsu samfuri na biyu ne mai wannan, har da kafar abin kunne. Kuma Darkglass ɗin, kamfanin nan na Finland, an san shi da sauti mai kaifi, tsuuu ɗin da kake gudu zai iya ƙaruwa.

Mai Bes: A bidiyon da na gani babu wani tsuuu.

Injiniya: Bidiyon da aka gyara a situdiyo. Kuɗinka ne, ka yi yadda ka so. In ya zo ka dawo ka ba mu labari.

Mai Ganga: Wai cikinku wa ya san mai gyaran Powerplay P2, ɗan akwatin da ake soka abin kunne a ciki, a Sabon Gari? Nawa ya faɗo daga ƙuguna, gefe ɗaya ya daina.

Mai Bes: Mutumin Legas ɗin ya ce in tura rabin kuɗi kafin la'asar ko ya ba wani. Akwai wanda zai ara min BDI21 ko na yini ɗaya ne in ji? Ina Gyaɗi-Gyaɗi, zan zo har gida in karɓa.