Rajistocin gwamnati za su iya nuna yawan masu naƙasa a Gombe?

Saratu Kumo:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aikin ƙididdiga ce. Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a ba, amma gwamnati na riƙe da bayanai a wurare da dama: rajistar masu ƙaramin ƙarfi, lambar NIN, katunan asibiti, rajistar makarantu. In aka haɗa su, za a iya cewa ga yawan masu naƙasa a ƙananan hukumomi 11 na Gombe? Ta ina ake farawa?

Malam Buba:
Wa alaikumus salam, Malama Saratu. Kafin a kunna kwamfuta, a fara tsayar da abin da ake nufi da naƙasa. Asibiti cuta yake rubutawa, ba wahalar da mutum ke sha wajen tafiya ko wanka ba. Ƙidayar 2006 ta samo kusan kashi 2 cikin 100, alhali rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya ce kashi 15 ne a duniya. Yadda ake tambaya na cikin manyan dalilan wannan tazara. In aka ce wa maigida "akwai naƙasasshe a gidan nan?", makaho da gurgu zai lissafa, ya bar tsohuwar da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Wani ma kunya za ta sa ya ce babu.

Shi ya sa ake amfani da tambayoyi shida na Rukunin Washinton, wato rukunin masana ƙididdigar naƙasa na duniya: gani, ji, tafiya ko hawan matakala, tuna abu, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, sai fahimtar magana da isar da ita. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ba ya iyawa sam. Wanda ya faɗa ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ko da a tambaya ɗaya, shi ake ƙirgawa. Binciken NDHS na 2018, wato binciken jama'a da lafiya na Najeriya, ya samu kashi 7 cikin 100 masu wata wahala, amma kashi 1 kacal a wannan mataki mai tsanani.

Injiniya Yakubu:
Malama, ki cire DHIS2, wato manhajar da gwamnati ke tattara rahoton asibitoci da ita, daga lissafi tun yanzu. Rahoton wata-wata da asibitoci ke turawa jimilla ce, babu suna, babu abin haɗawa. Sai an koma rajistar mutum ɗaya-ɗaya.

Wajen haɗa rajistocin, zagaye na farko da NIN ake yi, lamba 11 in ta dace ta dace. Matsalar ita ce yara da tsofaffin karkara da yawa ba su da ita, katin asibiti kuma ba kasafai yake ɗauke da ita ba. Zagaye na biyu sai a gwada suna, sunan uba, jinsi, shekarar haihuwa da gunduma, kowanne da makinsa. A nan aikin yake. Muhammad, Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya. Abubakar a makaranta, Buba ko Habu a unguwa. In ba a yi jadawalin sunaye tukuna ba, mutum ɗaya zai fito sau uku. Kada a ba ranar haihuwa maki mai yawa, domin wanda bai san tasa ba sau da yawa 1 ga Janairu ake rubuta masa. Waɗanda makinsu ya tsaya a tsakiya, mutum ya duba da ido.

Bayanan lafiya na cikin waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tsaurara. Mai haɗa sunaye kada ya ga bayanin lafiya, mai nazari kuma lambar sirri kawai zai gani.

Dakta Hauwa:
Ni abin da ya fi damuna, rajista waɗanda suka iso ga hukuma take ƙirgawa. Garin Gombe zai fito da adadi mai yawa saboda asibitin koyarwa, Nafaɗa da Shongom su fito kaɗan, sai a ɗauka can babu buƙata.

Ana iya ƙiyasta waɗanda suka kuɓuce. A misali, rajista ɗaya na da mutum 600, ɗayar 400, mutum 150 na cikin duka biyun: 600 sau 400 a raba da 150, an samu 1,600, alhali 850 kawai aka gani. Amma in shiga ɗaya na jawo shiga ɗayar, lissafin zai gaza. Gara a samo rajista ta uku da ba ta gwamnati ba, irin jerin da Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu ke riƙe da shi, sannan a zaɓi wasu gundumomi a bi gida-gida da tambayoyin da Malam Buba ya kawo, a ga nawa ne cikin waɗanda aka samu ke cikin rajista.

Saratu Kumo:
Na gode ƙwarai. Yara fa, Malam?

Malam Buba:
Tambayoyi shidan ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne. UNICEF da rukunin sun fitar da na yara daban, na shekara 2 zuwa 4 da na 5 zuwa 17, kuma uwa ko mai reno ake tambaya, ba maigida ba.