Nungwi a Afrilu ko a Agusta? Wanda ya taɓa zuwa Zanzibar ya taimaka

Ango Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya kai mu, bayan ƙaramar Sallah za a ɗaura mani aure, kuma tun muna zance na yi wa yarinyar alkawarin zan kai ta ta ga teku, don ko dam ɗin Ajiwa ba ta taɓa gani ba. Na tsayar da Nungwi, garin da ke can ƙarshen arewacin tsibirin Zanzibar. Ni malamin makaranta ne, hutun Afrilu ko dogon hutun Agusta kawai zan iya. Fasfo duk muna da shi, kwana shida muke so. Ɗakunan da na duba a intanet na Afrilu sun yi sauƙi ƙwarai a kan na Agusta, to shi ne jikina ya ba ni, don araha ba ta ado. Wane watan ya fi?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ɗana. Ka tafi a Disamba. Mu lokacin da muka je, mun baro Katsina leɓe na tsagewa don hunturu, muka sauka can zafi da gumi kamar Afrilun nan gida. Ruwan shar da shi, kana ganin ƙafarka a ƙasa.

Ango Ɗan Ƙofar Sauri: Amin Hajiya, na gode. Amma kafin Disamba ai amarya ta zama uwargida. Afrilu ko Agusta na ce.

Ɗan Dutsin-ma: Malam ka kawo ta dam ɗin Zobe. Mu saya maku kifi, ka ce mata ita ce tekun. Ragowar kuɗin ka biya bashin lefe 😂

Baban Walida (Daura): Ƙanena, in kana jin maganar na gaba da kai, kada ka kuskura ka je a Afrilu. Ni na je, har yau in aka tada zancen a gida sai na tashi na ba su wuri.

Wani ejan a Kano ya haɗa mani tafiyar. Na tambaye shi batun ruwan sama, ya ce Alhaji ai bazara ce, ko'ina rana ake. Ni ma ban yi tunani ba, tunda a Daura a watan nan ko gajimare sai an roƙa. Ashe lokacin da muke kwana a tsakar gida don zafi, su tsakiyar daminarsu ke nan. Masika suke ce mata. Tun daga filin jirgi ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, direban da ya ɗauke mu yana ta dariya wai mun zo da albarka.

Kwana bakwai muka yi, sau biyu na ga rana da idona. Ba wai ba ya tsayawa ba ne, yana tsayawa, sai kun shirya kun fito ya dawo. Kayan da Maman Walida ta wanke ranar farko ba su bushe ba har muka taho, da dutsen guga muka riƙa busar da su, akwatinmu duk warin fumfuna. Jirgin ruwan da zai kai mu tsibirin manyan kunkurai sau biyu ana fasawa. Rabin gidajen abincin bakin tekun a rufe, wani otal kusa da namu ma gyara suke yi, da ƙarar guduma muke tashi. Ga sauro.

Wannan duk daga Allah ne, na haƙura. Wanda ya ƙona mani rai shi ne, Nungwi na biya, amma mutumin nan ya kai mu wani ƙauye a gabashin tsibirin, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Da safe na buɗe taga na ce wa matar zo ki ga teku, muka leƙa babu teku. Wallahi ta janye can nesa, sai farin rairayi da mata sun duƙa suna aikin ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiya. Sai bayan awanni ruwan ya dawo. Da muka koma gida Inna ta ce to ya teku? Matar ta ce mun dai ga inda take kwana.

Ɗan Dutsin-ma: Ka gani ko? Zobe ba ta zuwa ko'ina.

Maman Sadiq: Innalillahi. Yaya Allah ya mayar da alheri. Amma nawa ya karɓa a hannunka?

Baban Walida (Daura): Ki bar tone-tone. Abin da zan iya faɗi, motar da ta kai mu masauki kaɗai dala 60 ya rubuta mani.

Hajiya Mai Atamfa: Dala 60? Mu 35 muka ba direba har ƙofar otal a Nungwi, kuma tafiyar ta fi awa ɗaya.

Na Gobarau: Ku duka kun yi asara. Akwai motar haya da suke ce wa daladala, kuɗin shilin ɗinsu kaɗan za ka biya, bai kai kuɗin fura biyu ba.

Maman Sadiq: Amarya da akwati uku za ka cusa a motar da ake loda kaji? Na Gobarau ka taɓa zuwa kuwa?

Na Gobarau: Ban je ba, amma na yi bincike sosai.

Maman Sadiq: To ka yi shiru waɗanda suka taka ƙasar su yi magana.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Malam ango, na yi aiki shekara uku a Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke ciki, kuma na tsallaka zuwa tsibirin ya fi a ƙirga, jirgin ruwa mai gudu kamar awa biyu ne. Ka ɗauki lissafin gida ka juya shi, shi ke nan. Suna kudu da layin da ya raba duniya biyu. Bazararmu, Maris zuwa Mayu, ita ce babbar daminarsu, kuma Afrilu ne tsakiyarta, shi ya sa ɗaki ke araha. Daminarmu, Yuni zuwa Oktoba, su rani ne mai sanyi-sanyi, iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa. Wajen Nuwamba akwai ɗan ruwa da suke ce wa vuli, ya zubo ya wuce. Hunturunmu kuwa shi ne zafinsu. Don haka a cikin biyun da ka kawo, Agusta. Illarsa ɗaya, Turawa ma lokacin suke hutu, gari ya cika, kuɗi ya hau, sai ka kama ɗaki da wuri.

Zaɓen Nungwi ka yi daidai, can ruwan ba ya guduwa nesa kamar ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani, kuma iskar Agusta ta fi dukan gabas. Ka kai ta inda ake sassaƙa jiragen katako a bakin ruwa, da tafkin da suke kiwon kififfiya kusa da hasumiyar fitila. Ku ware kwana ɗaya don tsohon birnin, Stone Town, da dare ku ci abinci a Forodhani, dandalin masu sayar da abinci a bakin ruwa, ku kuma je gonar kanumfari ta ga itacen da idonta.

Amma abin da ya fi wata muhimmanci biza ce. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, tamu sai an tura hedikwatar hukumar shige da ficen Tanzaniya an amince, tana iya cin wata biyu. Kada ka yanki tikitin da ba a canzawa kafin ta fito. Ka riƙe katin rigakafin shawara, sannan akwai inshorar dole ta dala 44 kowane mutum.

Hajiya Mai Atamfa: Wace inshora kuma? Mu ba wanda ya tambaye mu. Injiniya kada ka tsorata yaro.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Hajiya yaushe kuka je? A Oktoban 2024 aka fara ta.

Hajiya Mai Atamfa: To mun riga ta.

Baban Walida (Daura): Injiniya ba raini ba, amma kai kamfani ke biya maka komi, kuma a babban birni ka zauna. Wanda ya zaro daga aljihunsa ya kwana bakwai yana kallon ruwa ta taga shi ya san zafin abin.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Alhaji ai magana ɗaya muke, ni ma cewa na yi kada ya je a Afrilu.

Baban Walida (Daura): Ni cewa nake kada ya je kwata-kwata.

Auta 'Yar Funtuwa: Ni fa ƙarshen Mayu muka je, ruwa da asuba kawai, sauran yini rana. Ɗaki mai kyau dala 55, bakin tekun kamar namu mu kaɗai. Ga mace mai kunya hakan ya fi, na shiga ruwa da doguwar rigata ba mai kallona. Sai dai ku kula da wani abin ruwa mai hannuwa takwas da suke gasawa, pweza, maigidan ya ci ya ce kamar ganda.

Maman Sadiq: Dala 55? Ƙanwata ta je a Agusta, ba ta samu ƙasa da 120 ba, shi ma ba a bakin ruwa ba.

Malam na Zaure: Abin da Auta ta taɓo shi ne ba wanda ya kula da shi. Mutanen tsibirin Musulmi ne, ga masallatai, abinci ba shakku, wannan gaskiya ne. Amma bakin ruwan a lokacin da baƙi suka cika, shigar da za ka gani ba ta kai sabuwar amarya ba ce. Ni da za ka ji tawa, ka haɗa kuɗin nan ku yi Umra, a Jidda ma akwai teku.

Ango Ɗan Ƙofar Sauri: Allah gafarta Malam, Umra tana cikin niyya. Yanzu dai alkawari nake son cikawa. Injiniya, in na nemi bizar a Mayu za ta isa Agusta?

Baban Walida (Daura): Umrar ma ai a hannunsu za ka faɗa. Shi wannan ejan ɗin nawa, da azumin bara ya karɓi kuɗin surukata da wasu mata tara, ya ce masauki kusa da Harami. Sai da suka riƙa shiga mota kowace sallah.

Maman Sadiq: Kai, namu ya fi wannan. Fasfon Baba wata huɗu a durowar wani, kullum gobe, har goman ƙarshe ta wuce. Da muka matsa ya ce dala ta tashi, sai an ciko.

Hajiya Mai Atamfa: Kullum dala ta tashi. Ranar da ta sauko ban taɓa jin wanda ya kira ya maido canji ba.

Na Gobarau: Shi ya sa nake cewa mutum ya cike komi da kansa a waya.

Maman Sadiq: Kai da ko Maraɗi ba ka je ba?

Na Gobarau: Na je Maraɗi sau biyu.

Ango Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a batun bizar fa?

Baban Walida (Daura): Maman Sadiq, naku ɗin wani gajere ne mai yawan cewa "in sha Allahu an gama"? Ki duba saƙo, na turo maki, in shi ne akwai mutum shida da ke nemansa, mu haɗu mu je gaba ɗaya ranar Asabar.