Shawarwarin iyaye kan abin da ake koya wa yara a makarantun Amurka

A wata tattaunawa kan abin da iyaye za su yi idan suna da damuwa da abin da ake koya wa 'ya'yansu, yawancin iyayen da suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara da neman manhajar karatu a rubuce. Dokar tarayya ta ba iyaye damar duba kayan koyarwa, kuma takarda ta fi jita-jita.

An daɗe ana tattaunawa kan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2025, wanda ya goyi bayan iyaye, cikinsu har da Musulmi, a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, kan cire 'ya'yansu daga darasin littattafan da suka saɓa wa addininsu. Wata uwa ta ja hankali cewa cire ɗanka daban, hana 'ya'yan wasu daban. Ni ma ina bayanta.

Dokoki irin na Oklahoma a 2021, masu taƙaita yadda ake tattauna launin fata, sun raba kawuna. Wasu sun yaba, wasu sun ce malami zai ji tsoron koyar da tarihin bautar bayi.

Kafin a kai ƙara hukumar makarantun gunduma, a zauna da malamin tukuna.