Shin komawar Ninja Mixer ce ta kashe masa kasuwa?

Abba Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a gidan gem muka yi ta musu har aka kira isha'i ba mu gama ba, shi ne na ce bari in kawo nan. Ni dai a ganina, ranar da Ninja, shahararren mai watsa wasan gem kai tsaye a intanet, ya bar dandalin Twitch ya koma Mixer, dandalin Microsoft, 1 ga Agusta 2019, ranar ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Mutumin da a Maris 2018 ya buga gem ɗin Fortnite da mawaƙi Drake, mutum sama da dubu 600 suna kallo a lokaci guda. Ya tashi ya bar mabiya wajen miliyan 14 saboda kuɗin Microsoft. Kifi a ruwa yake sarki, shi kuwa ya fito tudu.

Yaya Nura: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka manta nawa aka ba shi? Rahotanni sun ce tsakanin dala miliyan 20 zuwa 30. Mixer ba ta cika shekara da zuwansa ba aka rufe ta, a Yuli 2020, ya fita da kuɗinsa kuma babu igiyar kowa a wuyansa. Ya leƙa YouTube, a Satumba ya koma Twitch da sabon kwantiragi. Ina asarar?

Abba Gwale: Yaya, ba maganar aljihu nake ba, maganar jama'a nake. Ni ina kallonsa a lokacin, ina ƙona data ta da daddare. A Twitch sharhin mutane gudu yake a gefen allo, ko layi ɗaya ba ka iya karantawa kafin ya wuce. A Mixer, bayan ɗokin makonnin farko ya lafa, sai ka karanta saƙo a tsanake har ka ba da amsa. Abin ya yi min ciwo wallahi. Mutane ba su bi shi ba, sun zauna inda suka saba suka buɗe tashar wani.

Maman Ilham: Malam Abba, kana ɗora wa Mixer laifin da ba nata ba ne duka. Tun kafin ya tashi masu kallonsa sun fara raguwa. A farkon 2019 ɗin nan Tfue, wani mai watsa wasa, yana yawan fin sa jama'a a Fortnite ɗin ma, kuma a Twitch suke su biyun. Shi Tyler Blevins, wato Ninja, ba jiya ya fara ba. Tun 2009 yake gasar gem ɗin Halo, ya fara watsa wasa kai tsaye a 2011, ya bi ta wasannin H1Z1 da PUBG, duk shekarun nan 'yan harka kawai suka san shi. Fortnite ce ta ɗaga shi sama. Da zafinta ya ragu, yaran da ke kallonsa suka girma, dole adadi ya sauko ko da ya kwana a Twitch.

Yaya Nura: Allah Ya saka, Hajiya. Kuma a tuna dalilin tashin. Matarsa Jessica, wadda ita ce manajarsa a lokacin, ta bayyana cewa kwantiragin da Twitch ta kawo zai takura musu wajen ƙulla ciniki da wasu kamfanoni a waje. A watan da ya tashi ya sanar da yarjejeniya da Adidas, a Janairu 2020 aka saka siffarsa a cikin Fortnite, yara suna saye. Sannan dubi abin da ya faru a bayansa: Twitch ta mayar da tsohon shafinsa wurin tallar wasu tashoshi, har wata mai nuna batsa ta fito a sama, sai da shugaban kamfanin na lokacin, Emmett Shear, ya ba da haƙuri. Shafin da ƙananan yara ke shiga fa.

Sadiq Maraɗi: Ni abin da ya fi damuna daban ne. Ninja da Shroud, wani babban mai watsa wasa da shi ma ya koma Mixer, an sallame su da kuɗi. Ƙananan masu tashoshi a Mixer fa, waɗanda suka yi shekaru suna tara mutum ɗari, ɗari biyu? A shafin sada zumunta suka ga sanarwar rufewa ranar 22 ga Yuni, aka ce su koma Facebook Gaming, wata guda aka ba su. Ba a taɓa yin musu a kansu a gidan gem ba.

Maman Ilham: Gaskiya ne, ɗana. Amma tashin nasa ya buɗe ƙofa, kamfanoni suka gane sai sun biya. Daga nan aka yi ta jin manyan kwantiragi, har wanda aka ce dandalin Kick ya ba mai watsa wasa xQc a 2023, da zai iya kai dala miliyan 100. Ko da yake wannan ban yi murna da shi ba, don masu Kick su ne masu kamfanin caca na Stake, kuma ni uwa ce, ina duba abin da 'ya'yana ke kallo. Shi kansa Ninja a Satumba 2022 ya daina ɗaure kansa a dandali ɗaya, ya fara watsawa a Twitch da YouTube da TikTok a lokaci guda.

Abba Gwale: To ai wannan ma hujjata ce, Anti. Mai cikakkiyar rumfa ba ya yawo da kaya a ka.

Yaya Nura: To ka amsa min wannan. Shroud ma ya je Mixer a Oktoba 2019. Da ya dawo Twitch a Agusta 2020, sama da mutum dubu 500 suka taru a kansa ranar farko. In Mixer ce ke kashe mutum, me ya sa ba ta kashe shi ba?

Abba Gwale: Ranar farko ta 'yan kallo ce, Yaya, kowa na son ya ga wanda ya dawo daga tafiya. Na yarda da Anti cewa Fortnite ta fara sanyi tun kafin ya tashi, wannan na karɓa. Amma shekara guda ya bar wa wasu fili, kuma da ya dawo ya tarar sun kafa rumfunansu. A nan nake tsaye har yanzu.