Tambaya: Yaya marubuci zai tallata littafinsa, kuma me zai yi da yabon masu karatu?

Sabuwar Marubuciya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa marubuta. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun da na saki littafina na farko a intanet. Babu kamfanin ɗab'in da ya tsaya mini, saboda haka duk tallan da za a yi wa littafin ni zan yi shi da kaina, a shafina na Facebook da zaurukan WhatsApp da nake ciki. Damuwata ita ce, duk lokacin da na ɗora hoton bangon littafin zan rubuta wani abu a ƙarƙashinsa, sai nauyi ya kama ni, domin tun muna ƙanana muke jin ana cewa yabon kai jahilci ne, ga shi kuma idan na yi shiru babu wanda zai san littafin ya fito.

Abu na biyu shi ne saƙonnin da ke shigowa daga waɗanda suka karanta. Wasu suna cewa Allah ya ƙara basira, wasu suna cewa ba su taɓa karanta labari irinsa ba, wata baiwar Allah kuma ta rubuto mini cewa sai da ta yi hawaye a babin da jarumar ta rabu da mahaifiyarta. Ina jin daɗin waɗannan kalamai ƙwarai, amma ina tsoron kada su sa in ɗauka na riga na ƙware alhali yanzu na fara. Shin ya dace in ɗauki hoton irin waɗannan saƙonni in ɗora su a matsayin talla? Kuma ta yaya zan bambance yabon da zai amfane ni da wanda aka yi mini don kara kawai?

Mai Tace Rubutu:

Wa alaikumus salam, Malama. Ina taya ki murnar kammala littafi, domin masu fara rubutu suna da yawa, masu kai shi ƙarshe ne kaɗan. Game da nauyin da kike ji, sanar da mutane cewa littafi ya fito daban ne da cewa ke gwana ce. Idan kika rubuta cewa littafinki ya fi duk wanda aka wallafa a bana, kin shiga abin da kike gudu. Idan kuwa kika ɗora sakin layi ɗaya mai ƙarfi daga babin farko, kika faɗi jigon labarin a jimla biyu, kika nuna inda za a same shi, to aikin kika gabatar, hukunci kuma ya rage ga mai karatu. Ki kuma guji tallan roƙo, irin na cewa duk mai ƙaunarki ya danna alamar so ko ya ambaci abokai goma. Tun a watan Disamba na 2017 kamfanin Facebook ya sanar cewa zai riƙa rage yaɗuwar irin waɗannan rubuce-rubuce, don haka ko ta fuskar talla ma asara ce.

Batun yabo ne ya fi buƙatar natsuwa. Wanda ya ce Allah ya ƙara basira addu'a ya yi miki, ki amsa da amin da godiya, amma bai gaya miki komai game da littafin ba, kuma zai iya faɗin haka ko da bai wuce shafi na uku ba. Wadda ta ce ta yi hawaye a babin rabuwa da mahaifiya kuwa ta ba ki abin aiki, domin ta nuna miki wurin da rubutunki ya kama. Ki koma wannan babi ki karanta shi da idon mai bincike. Wataƙila ki tarar a nan ne kika rage dogon bayani kika bar mutanen labarin suka yi magana da kansu, ko kuma a nan ne kika nuna wani ƙaramin abu, kamar hannun uwar yana rawa wajen ɗaure kaya, maimakon ki ce tana cikin baƙin ciki. Abin da kika gano a nan shi za ki ɗauka zuwa littafi na biyu.

Akwai wani ma'auni da ya fi kalamai faɗin gaskiya. Idan kina ɗora labari babi-babi a manhaja irin Wattpad, za ki ga yawan karatun da kowane babi ya samu, kuma masu karatu suna iya yin tsokaci a kan kowane sakin layi. Idan kowa yana cewa labarin ya yi daɗi, amma adadin ya faɗi warwas tsakanin babi na huɗu da na biyar, to akwai abin gyara a wannan wuri, kuma da wuya wani daga cikin masu yaba miki ya gaya miki.

Mai Karatu Kawai:

'Yar'uwa, ni ba marubuciya ba ce, amma ina so in yi magana a kan ɗaukar hoton saƙo, domin abin ya taɓa faruwa da ni. Na taɓa rubuta wa wani marubuci ta akwatin saƙonsa cewa labarinsa ya tuna mini da rashin lafiyar da mahaifina ya yi kafin rasuwarsa, na faɗi abubuwan da ban saba faɗa wa kowa ba. Washegari sai na ga saƙon nawa a shafinsa, da sunana da hotona a sama, mutane suna ta tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. Na san ba da mugun nufi ya yi ba, amma tun daga ranar ban sake rubuta masa komai ba.

Abin da mutum ya rubuta a fili, a ƙarƙashin tallanki, ya san kowa zai gani. Abin da ya turo miki ke kaɗai amana ce. Ki nemi izini kafin ki ɗora, ki tambaye shi ko yana so a sa sunansa, kuma idan ya yi shiru bai amsa ba kada ki ɗauka ya yarda. Yawancinmu za mu amince da farin ciki idan aka tambaye mu. Sannan ina roƙon marubuta su daina cika shafinsu da hotunan yabo kullum, domin idan na ga goma a jere sai in fara shakkar ko duka na gaskiya ne.

Tsohon Marubuci:

Ƙanwata, na yarda da mafi yawan abin da Malam Mai Tace Rubutu ya faɗa, sai dai ina ganin ya ɗan rage wa addu'ar masu karatu daraja. Rubutu aiki ne na kaɗaici, mutum yakan shafe watanni shi da takarda ba tare da ya san ko wani zai kula ba, kuma sau da yawa wannan gajeriyar addu'a ce take hana sabon marubuci ajiye alƙalami. Ki karɓe ta, ki ji daɗinta, ba laifi ba ne. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne kada yabo ya koma mai ba ki umarni. Masu karatu za su fara cewa kada ki kashe wane, ki aurar da wance ga wane, ki ƙara babi ashirin domin ba sa so labarin ya ƙare, kuma da yake su ne suka yaba miki jiya, za ki ji kunyar saɓa musu. Na karanta labarai masu kyau da suka lalace ta wannan hanya, aka yi ta jan su har jigon ya ɓace.

Shakkar da 'yar'uwarmu mai karatu ta ambata ma tana da tushe. A shekarar 2004 wata tangarɗa ta auku a shafin Kanada na Amazon, kamfanin da ke sayar da littattafai da sauran kaya ta intanet, sunayen gaskiya na masu sharhin da suka ɓoye kansu suka bayyana, sai aka ga akwai marubutan da suke yaba littattafansu da kansu. Dokokin Amazon sun hana sharhin da aka biya kuɗi aka saya, sun kuma hana na dangi da makusanta, ko da yake marubuci yana iya ba da littafinsa kyauta muddin bai gindaya sharaɗin a yi masa sharhi ba. A Amurka ma, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta fitar da ƙa'ida a 2024 wadda ta haramta sharhin ƙarya da cinikinsa. Saboda haka kada ki sa ƙannenki ko ƙawayenki su rubuta yabo kamar baƙi ne, komai ƙarancin masu sharhi a farko.

Ki kuma shirya wa ranar da wani zai ce littafin bai burge shi ba, domin tana nan tafe. Kada ki yi musu da shi a fili, kuma kada ki bari masoyanki su far masa da zagi da sunan kare ki, domin sunanki ne zai ɓaci, ba nasu ba.

Sabuwar Marubuciya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan rubuta wa baiwar Allahn da ta yi maganar babin rabuwa in nemi izininta. Malam Mai Tace Rubutu, idan ta amince amma ba ta so a ambaci sunanta, shin maganar tata za ta yi wani tasiri a talla?

Mai Tace Rubutu:

Za ta yi, Malama. Ki kwafe jimlar da ta ambaci babin kamar yadda ta rubuta ta, kada ki gyara mata kalma ko ɗaya, ki rubuta a ƙasa cewa daga wata mai karatu ce. Ki cire duk abin da ya shafi rayuwarta, sannan ki tura mata ta gani kafin ki ɗora.